Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi



Yau hirar karta zan yi muku. Mu nan Sabo ta Ibadan, in an tashi kasuwa, muna ɗan buga foka irin ta Texas Hold'em da tsinken ashana, ba da kuɗi ba, don caca haramun ce. Duk da haka gardama ba ta ƙarewa.

Ga tushenta. Ana raba wa kowa kati biyu a rufe, kafin a buɗe uku a tsakiya. To, in ka duba ka ga A biyu, wato hannun da ya fi kowane ƙarfi, ka ƙara zubi ne ko ka yi lamo ka bi sahu?

Wani dattijo mai sayar da goro kullum cewa yake: "Yaro, lallaɓa. In ka ɗaga, kowa zai gudu." Na san inda ya samo wannan. Zaman baƙunta ya koya mana kada mu nuna abin hannunmu, kuma a kasuwa hakan ya sha yi mana rana.

Amma ni ina ganin a ɗaga. Kati 52 ne, kuma A biyu sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. In da mutum ɗaya ka kara har ƙarshe, za ka ci kusan kashi 85 cikin 100. In mutum huɗu suka biyo ka, sai ya sauko wajen kashi 56. In tara ne, bai fi kashi 31 ba. Ka ga ke nan duk wanda ka bari ya shigo da araha, ka ba shi damar tsintar katin da zai kayar da kai.

Batun gudu kuwa, maganinsa shi ne ka riƙa ɗagawa daidai wa daida, kamar ninki uku na babban zubin dole, ko K biyu gare ka, ko Q biyu, ko A da K. Ta haka ba mai gane abin da ka riƙe. In duk sun gudu, ka kwashe 'yar kaɗan. Ya fi a kwashe maka mai yawa.

Dattijo dai har yau bai yarda ba. Ku fa, me kuka gani?

Sai mun haɗu.