Tsohon da ya kai jikansa ganin raƙumin dawa

Akwai wani tsoho manomi a wani ƙauye kudu da garin Dakoro. Shekarunsa sun kai 70. Yana zuwa karatun yaƙi da jahilci da dare, shi ne babba a cikin aji. In hira ta yi daɗi, yakan ba yara labarin wata dabba da ya gani yana yaro, lokacin da ubansa ke kai awaki arewa da damina, tun kafin farin 1973. Yakan ce ta fi rumbu tsawo, tana cin ganye a saman aduwa ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Yara su yi ta dariya. Wata rana jikansa, ɗan lakwal mai shekara 11, ya ce masa: "Kaka, wannan ai tatsuniya ce, irin ta gizo." Tsoho ya yi shiru, amma maganar ta zauna masa a rai.

A shekarar nan kuma akwai wata magana a gidan. Gonar gado ta gaji. Inda a da ake ɗaure dami 100 na hatsi, yanzu da ƙyar a samu 40, ga baki ya ƙaru. Babban ɗan tsohon ya ce shi zai tafi kwarin Tarka ya sari sabuwar gona, kamar yadda wasu suka yi. Ya ce: "Baba, can daji ne kawai, ba mai shi." Tsoho ya tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Ya ce bai taɓa ba, labari ya ji a kasuwa.

Da aka gama shigar da hatsi, tsoho ya sayar da bunsuru ɗaya. Ya ce zai tafi Gadabeji shi da jikansa, su ga raƙumin dawa. Mutanen ƙauye suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Wa ya taɓa sayar da dabba don ya je kallo? Manomi yana tafiya don biki, ko gaisuwar mutuwa, ko cin rani. Yawon buɗe ido kuwa, in ji su, na Nasara ne da masu kuɗi.

Gaskiya ne akwai ƙasashen da fita daji don kallo ya zama al'ada. A Norwe, can arewacin Turai, inda teku ke kutsawa tsakanin duwatsu ta yi dogayen kwaruruka, iyali kan ɗauki guzuri ran Lahadi su hau dutse da ƙafa. Tun 1957 dokarsu ta rubuta cewa kowa yana iya ratsa ƙasar da ba a noma ba, har ya kafa tanti ya kwana biyu, in dai ya nisanci gidan mutane da mita 150. To amma ganin ƙasa bai bukatar teku. Mutumin Dakoro ma yana da kwari a bayan gidansa, sau da yawa bai san shi ba.

Ranar kasuwa suka shiga mota daga Dakoro suka yi arewa. Guzurinsu fura ce a gora, da ƙuli-ƙuli, da bargo ɗaya, don sanyi ya fara shigowa. Ba su yi nisa sosai ba hanya ta gangara. Tsoho ya dafa kafaɗar yaron ya ce: "Ga Tarka nan."

Yaro ya duba, yana neman ruwa, don malaminsu ya ce gulbi ne. Bai ga ruwa ba. Tarka tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya sani. Ya taso daga wajen Tanut, ya bi ta ƙasar Balbeji, ya ratsa arewacin Dakoro, sa'an nan ya karkata kudu zuwa Madawa, inda ake noman albasa a cikinsa, ya shiga Najeriya. A nan wajen Dakoro abin da ido ke gani shi ne kwari mai faɗi, da itatuwa sun fi na tudu yawa, da tabkuna da ke riƙe ruwa bayan damina, da rijiyoyin makiyaya.

Amma tsoho ba wannan ya fi duba ba. Shi karan hatsi yake kallo. Inda ya san duhuwar bagaruwa da kandili, yanzu gona ce. Inda ya taɓa ɓata akuya kwana biyu saboda kaurin ciyawa, yanzu ana hango mutum daga nesa. Burtalin da ya sani da faɗi ya tsuke, har shanu na bin sa a jere.

A Sakabal suka sauka don su canza mota. Nan suka zauna gindin itace ɗaya da wani Bafillace dattijo, aka gaisa, aka sha fura tare. Tsoho ya faɗa masa maganar ɗansa. Bafillacen ya ce: "Malam, dajin nan da mai shi. Kowace rijiya da wanda ya gina ta, kowane tabki da garken da ke jiran sa. In gona ta tare hanya, saniya ba ta tashi sama." Ya ce bara ya biya kuɗin ɓarna sau biyu a hanyar da ubansa ya bi shekara da shekaru ba tare da ya taka shukar kowa ba.

Ƴan uwa, wannan magana tana cikin doka. Tun ranar 26 ga watan Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta ja iyakar noma ta arewa, kuma a ƙasar Dakoro wajen Tarka ne iyakar ta bi. Arewa da ita ƙasar kiwo ce. Dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka, ta kuma ce yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Wanda ya sari gona a can bai da hujja in rigima ta tashi. Sai dai yunwa ba ta karanta takarda, shi ya sa gonaki ke ta hawa arewa.

Da la'asar suka isa Gadabeji. A bakin gandun akwai allo. Tsoho ya hana jikansa karantawa, ya ce shi zai yi. Rubutun Faransanci ne, bai gane sauran ba, amma ya haɗa baƙaƙen sunan wurin ɗaya bayan ɗaya har ya fito. Wani ma'aikacin gandun daji ya tarbe su. Ya yi mamaki, don ya ce ba kasafai manomi ke zuwa don kallo kawai ba. Ya ce ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya, ba a shiga da bindiga ko gatari, ba a hura wuta. Wutar daji ita ce babbar abokiyar gabar wannan yanki da kaka, ashana ɗaya tana iya cinye abincin garke dubu.

Shi ne ya ba su tarihin wurin. An keɓe gandun Gadabeji a 1955, faɗinsa hekta 76,000. A da yana cikin ƙasar Dakoro, yanzu yana cikin ta Bermo. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kula da su. Jimina da mariri sun ƙare a nan, fari da farauta suka gama da su. Raƙumin dawa ma ya ɓace kusan shekara 50. Irinsa bai rage ko'ina a duniya ba sai a wajen Kure, kusa da Yamai, inda a 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Da aka tsare su suka hayayyafa, suka wuce 600. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauko 8 a babbar mota, tafiyar kilomita 800, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4.

Washegari da asuba suka fita da ƙafa. Ƙarangiya ta cika wandon yaro, ya fara ƙorafi. Sun ga barewa uku sun tsallake tudu. Sun ga jan biri, da tuje yana takawa a hankali cikin ciyawa. Rana ta take, ba raƙumin dawa. Sai sawu kawai ɗan rakiya ya nuna musu, mai faɗi, tsage biyu kamar na saniya amma ya fi shi girma nesa. Yaro ya sa ƙafarsa a ciki. Ya ce: "Kaka, ko dai sa ne babba?" Tsoho bai amsa ba. Daren nan bai yi barci sosai ba, yana tunanin bunsurunsa da abin da zai faɗa wa mutanen ƙauye.

Kwana na biyu, hantsi bai ɗaga ba, ɗan rakiya ya tsaya cik, ya nuna da haɓa. Yaro ya duba bai ga komai ba sai itatuwa. Sai kan itace ɗaya ya motsa. Su uku ne, biyu manya da ƙarami. Jikinsu fari-fari ne da zane ja-ja. Babbar ta zaro dogon harshe ta naɗe reshe mai ƙaya, ta zage ganyen. Ta juyo ta dube su, ta ci gaba da cin abinta. Yaro ya kama rigar kakansa da hannu biyu. Sun fi rabin awa a tsaye, ba wanda ya ce uffan.

A hanyar komawa tsoho ya tambayi ɗan rakiya ko dabbar tana ɓarna. Ya ce ciyawar shanu ba ta dame ta ba, ita sama take ci. Amma a Kure, inda gonaki suka kewaye ta, manoma na kuka da ita don tana cin wake. Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce ko shi aka tsuke wa wuri, wake zai ci.

Da suka dawo gida, yaro ne ya ba da labari, tsoho yana zaune yana jan carbi. Da dare ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce: "Baba, maganar gonar fa?" Tsoho ya ce ba da yawunsa ba. Ɗan ya ce: "To me za mu ci? Raƙumin dawa ba ya cika rumbu." Tsoho ya ce gaskiya ne. Sa'an nan ya faɗa masa sun yi alkawari da Bafillacen Sakabal: in rani ya shiga zai sauko da shanunsa su kwana wata biyu a gonar gado, su ci kara su bar taki, a ba shi dami 5 da ruwan rijiya. Ɗan ya ce taki ba ya aiki a shekara ɗaya. Ya tashi bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Gatarin yana nan rataye a zaure. Shanun sun iso a watan Janairu.