Kayan kwana a gindin mota

Inda manyan motoci ke jiran lodin hatsi a Zuru, in ka sunkuya kaɗan za ka ga wani akwatin ƙarfe manne a ƙarƙashin bodi, tsakanin tayar gaba da ta baya, da ɗan kwaɗo rataye a bakinsa. Mutane ba su cika kula da shi ba. Ni kuwa a nan nake gane direban da ya san hanya.

Daga Zuru, duk inda mota ta nufa da sauran tafiya a gabanta. Ko ta bi ta Dabai da Mahuta ta faɗa babban titi a Koko, ko ta yi kudu ta Rijau zuwa Kontagora a jihar Neja, ko ta shiga ta Riba ta kwaso dawa da masara. Ƙasa ce mai duwatsu da rafuka, ruwan samanta kuma ya fi na arewacin Kebbi yawa, yakan kai har watan Oktoba. Taya ta fashe, ko mota ta kafe a laka, shi ke nan, kwana ya kama ka inda ba ka shirya ba. Shi ya sa direba ke zaɓen kayan kwanansa da natsuwa, ba ya ɗaukar abu don kyansa.

A Amurka da Turai akwai motocin da aka ƙera da gado da kicin da banɗaki a ciki, iyali su shiga su tafi hutu bakin tafki, kuma akwai shagunan da ba abin da suke sayarwa sai kayan irin wannan tafiya. Namu direban neman abinci ya fitar da shi, amma tambayar da ke gabansu ɗaya ce: me zan ɗauka, me zan bari, tunda wurin kaɗan ne?

Abin da na lura shi ne, kusan kowane kaya a akwatin nan aiki biyu yake yi. Jarkar man gyaɗa mai lita 25, wadda aka wanke, ita ce ruwan sha da na alwala, ita ce kuma ke ceton lagireto in mota ta ɗau zafi a kan hawa. Tamfol na rufe buhuna, da dare kuma a ja gefensa ɗaya, a ɗaure da igiya a turke, ya zama rumfa. Katakon da ake tare taya da shi, shi ne kujerar cin abinci. Tabarmar roba ta kori ta kaba a wannan sana'a, don ruwa ba ya cin ta, baƙin mai kuma da tsumma ake share shi.

Gidan sauro ne na fi tsayawa a kai. Ka ga yaron mota ya ɗaura kusurwa biyu a ƙugiyoyin bodi, biyu a jikin sandunan da ya kafa, sa'an nan ya bi gefe-gefe yana cusa bakin ragar a ƙarƙashin tabarma. In ya tarar da huda, sai ya tattara wurin ya ƙulle da zare. Yana yi a hankali kamar mai ɗinki, domin ya san zazzaɓi na kwantar da tafiya fiye da lalacewar inji.

"Maigida, a ɗauko bargon?"

"Bar shi, sai sanyi ya shigo. Sa ledar ruwa a wurinsa."

Haka kayan ke sauyawa da lokaci. Daga Disamba zuwa Janairu bargo da hular sanyi da man shafawa ne a sama, da damina kuwa ashana ma sai an naɗe ta a leda.

Risho ya yi zamaninsa. Tun da kananzir ya yi tsada, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6 ta karɓe wurin. Ta fi sauri, ba ta baƙanta tukunya, sai dai ba kowane ƙauye ake cika ta ba, kuma ajiye ta kusa da zafin inji ganganci ne da nake fatan a daina. Don haka masu dabara ba sa rabuwa da gari da ƙuli-ƙuli da sukari, abincin da ba ya neman wuta.

Wani abu kuma ya sauya wanda ba ya cikin akwati. Hare-haren 'yan bindiga a yankin Danko-Wasagu da Sakaba sun sa kwanan daji ya zama abin gudu. Yanzu lissafin direba shi ne ya isa gari kafin magariba, ya faka inda 'yan uwansa suke. Shi ya sa cajar waya da tocila mai cajin rana suka shiga sahun farko, gaba da tukunya ma. Kafin a tashi, yakan kira wanda ya riga shi wucewa ya tambayi lafiyar hanya, sa'an nan ya ce wa yaro ya ɗaure jarka.