Ranar da Ɗauke Wuta Ta Ceci Maersk

Ranar Talata 27 ga Yuni, 2017, allunan kwamfutocin babban ofishin kamfanin Maersk da ke Kopenhagen suka soma yin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka nuna rubutu cewa ana gyaran faifan ajiya, kada a kashe na'ura. Wasu suka fito da jan rubutu mai neman a biya dala 300 ta hanyar bitkoin kafin a saki abin da ke ciki. Ma'aikata suka shiga gudu daga ɗaki zuwa ɗaki suna fizge wayoyi daga bango, amma annobar ta riga su sauri. Kafin yamma, kamfanin da ke da jiragen ruwa kusan 800 da tashoshi 76 a faɗin duniya, wanda ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin da ke yawo a teku, ya wayi gari ba ya iya faɗin abin da ke cikin kwantenar da ya loda da hannunsa.

Ba Maersk aka nufa da harin ba, kuma wannan ne ya sa labarin ya shafi kowa. A ƙasar Yukiren akwai wata manhajar lissafi da biyan haraji mai suna M.E.Doc, wadda kusan duk mai kasuwanci a ƙasar ke amfani da ita. Masu kutse sun shiga kwamfutocin ƙaramin kamfanin da ke yin manhajar, suka cusa gubarsu a cikin sabuntawar da ake aika wa masu amfani da ita. Duk wanda ya karɓi sabuntawar, kamar yadda kowane mai hankali zai yi, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da kansa. Maersk na da ofishi a Odesa, a bakin Baƙin Teku, kuma a can aka saka M.E.Doc a kan wata kwamfuta domin aikin kuɗi. Ta wannan 'yar kafa gobarar ta shiga gidan. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido.

Yadda ta bazu ya cancanci a tsaya a kansa, domin makamai biyu ta haɗa. Na farko wata ɓaraka ce a cikin Windows da Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta gano ta kuma ƙera mata makamin da ake kira EternalBlue. Wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta watsa makamin a intanet a watan Afrilun 2017. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da facin toshe ɓarakar tun watan Maris, kuma a watan Mayu duniya ta ga gargaɗi ƙarara lokacin da WannaCry ta bi ta wannan kafa ta durƙusar da asibitoci a Birtaniya. Gemun maƙwabci ya kama wuta a bainar jama'a, amma ba kowa ne ya shafa wa nasa ruwa ba. Makami na biyu dabara ce irin ta wata manhaja mai suna Mimikatz, wadda wani Bafaranshe mai bincike, Benjamin Delpy, ya rubuta don nuna cewa Windows na barin kalmomin sirri a ƙwaƙwalwar na'ura. Sai aikin ya zama haka: a shiga kwamfutar da ba a yi wa faci ba ta ɓarakar, a kwashe kalmomin sirrin da ke cikinta, sannan a yi amfani da su a shiga kwamfutocin da aka yi wa faci ta ƙofar gaba, kamar baƙon da aka gayyata. Kwamfuta ɗaya da aka yi sakaci da ita ta isa ta jawo wa ɗari da aka kula da su.

Neman kuɗin fansar ma yaudara ce. Lambar da ke fitowa a allo, wadda aka ce a aika domin karɓar makulli, lambar banza ce da ba ta da alaƙa da abin da aka kulle. Ko an biya, babu abin da zai dawo. Shi ya sa masana suka laƙaba wa manhajar suna NotPetya, wato ta yi kama da wata tsohuwar manhajar neman fansa mai suna Petya amma ba ita ba ce. Rusa ƙasa aka zo yi, aka ɗaura rawanin ɓarayi. An saki abin ne a jajibirin ranar bikin tsarin mulkin Yukiren, ya kama bankuna da ma'aikatu da filayen jiragen sama, har sai da ma'aikatan Chernobyl suka koma auna tururin nukiliya da na'urorin hannu. A watan Fabrairun 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin a kan sojojin Rasha, a watan Oktoban 2020 kuma ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha shida. Rasha ta musanta. Abin dariya, idan akwai dariya a ciki, shi ne gobarar ta koma har gida, ta kama Rosneft, babban kamfanin man Rasha.

A tashoshi 17 daga cikin 76 na Maersk aiki ya tsaya cik. Jiragen kansu lafiyarsu ƙalau, amma ƙofofin shiga tashar, da na'urorin da ke karanta takardun kaya, da tsarin da ke gaya wa mai ƙugiya wace kwantena zai ɗaga, duk sun mutu. A Elizabeth da ke jihar New Jersey manyan motoci suka yi layi mai nisan gaske, wasu ɗauke da kayan da ke lalacewa. Duk wanda ya taɓa ganin cunkoson tireloli a hanyar Apapa, inda reshen Maersk mai kula da tashoshi ke gudanar da tashar kwantena, ya san yadda irin wannan layi yake cin dukiyar mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ma'aikata suka koma takarda da biro, da WhatsApp, da adireshinsu na Gmail, suna karɓar odar kaya ta haka.

An kafa sansanin farfaɗowa a Maidenhead, yamma da Landan. A nan aka gano abin da ya fi komai tayar da hankali. Kusan kowace babbar na'urar ajiya ta kamfanin tana da kwafin ko-ta-kwana, in ban da iri ɗaya: na'urorin da ke riƙe da rajistar gidan gaba ɗaya, wato wane ne ma'aikaci, mece ce kalmar sirrinsa, wace ƙofa aka yarda ya shiga. Irin waɗannan na'urori kusan 150 kamfanin ke da su a sassan duniya, kuma an tsara su ne kowace tana kwafar 'yar'uwarta a kowane lokaci. Tunanin shi ne ko guda goma sun lalace, sauran suna nan. Babu wanda ya yi tanadin ranar da za a shafe su duka a sa'a ɗaya. Ba tare da rajistar ba kuwa, sauran kwafe-kwafen sun zama ɗakuna cike da kaya waɗanda ba a san mai makullinsu ba.

Aka shiga buga waya ofis-ofis a duniya. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya ruwaito a mujallar Wired a 2018, a wani ofishi a Ghana aka sami na'ura guda da ta tsira. An ɗauke wuta kafin harin, na'urar ta mutu, ba ta dawo kan layi ba har annobar ta wuce. Intanet ɗin ofishin ba shi da ƙarfin da zai tura bayanan zuwa Ingila cikin lokaci, ma'aikatan wurin kuma babu mai bizar Birtaniya. Sai ɗaya ya hau jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani ma'aikacin a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Heathrow. Daga baya wasu manyan jami'an kamfanin sun ba da labarin da cewa a ofishin Legas ne na'urar take. Ghana da Najeriya sun daɗe suna jayayya a kan dafa-duka da ƙwallon ƙafa, ga kuma wata sabuwa, ta wanda rashin wutarsa ya ceci kasuwancin duniya. Ko wace ruwaya aka ɗauka, dalilin tsirar ɗaya ne: na'urar ba ta haɗe da komai a lokacin da wutar ta tashi.

Wannan shi ne abin da ya fi wuyar shiga kan mutane, har da masu ilimi. Likita mai ƙaramin asibiti, ko lauya, ko mai makaranta, zai ce bayanansa suna nan a ajiye domin kwamfutarsa tana kwafar komai kai tsaye zuwa Google Drive, ko zuwa wani faifai da ke maƙale a jikinta dare da rana. Kwafin da ke bin na asali a kowane daƙiƙa yana bin sa har cikin halaka. Idan aka goge takarda a nan, ko aka kulle ta, haka za a kwafa can. Abin da ke ceto shi ne kwafin da aka cire aka ajiye a wani wuri, faifan da ake saka wa bayanai ranar Juma'a a zare shi a kai gida a kulle a durowa. Masu sana'ar suna ba da shawarar kwafi uku, a kan abubuwan ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: an taɓa gwada dawo da bayanan daga kwafin an ga yana aiki? Mutane da yawa ranar bala'i suke fara buɗe faifan, su tarar an yi wata takwas ba ya ɗaukar komai.

Batun sabuntawa yana da ɗan ruɗani, tunda ta hanyar sabuntawa gubar ta zo, gobara daga kogi ke nan. Wani zai kafa hujja da haka ya ce gara ya bar kwamfutarsa yadda take. Hujjar ba ta da ƙarfi. Shiga ta hanyar mai yin manhaja aiki ne mai tsada da gwamnatoci da manyan gungun ɓarayi ke yi jefi-jefi, shiga ta tsohuwar ɓaraka kuwa sana'ar kullum ce ta kowane ƙaramin ɗan damfara. Abin da labarin M.E.Doc ke nunawa shi ne kowace manhaja da aka saka amana ce aka bai wa wani baƙo, don haka a rage yawansu, a kuma raba kwamfutar da ake harkar kuɗi da ita da wadda yara ke sauke wasanni. Ofisoshi da dama suna aiki da Windows na jabu da aka saya a kasuwa, wanda aka kashe wa sabuntawa da gangan don kada a gano shi. Windows 10 na gaskiya ma Microsoft ya daina ba shi facin tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Shi ma mutum ɗaya yana da tasa rajistar, ko da bai san da ita ba. Layin wayarsa ne da adireshinsa na imel. Ta nan banki ke aiko lambar tabbatarwa, ta nan ake sauya kalmar sirrin Facebook, da layin aka yi rajistar BVN da NIN da WhatsApp. Wanda ya mallaki layin ya mallaki sauran ƙofofin, kamar yadda NotPetya ta yi da kalmomin sirrin da ta kwasa. Shi ya sa ɓarawon waya yakan fara zare layin ya saka a wata wayar ya gwada lambobin banki, shi ya sa kuma ɗan damfara ke kira da murya mai ladabi ya ce ana taron ƙungiya, a karanto masa lambobi shida da aka turo. Da ya karɓe WhatsApp ɗin mutum ɗaya, sai ya bi 'yan'uwa da abokan aiki yana neman rance da sunansa, su kuma su tura domin sun yarda da mai sunan. Maganin bai kai kuɗin katin waya ba: lambar sirri a kan layin kansa, tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel, da kalmar sirri ta daban ga imel wadda ba a maimaita ta a ko'ina ba. Minti goma ya isa. Abin mamaki shi ne yawan shugabannin ma'aikatu da ke sa hannu a kan miliyoyi alhali ranar haihuwarsu ce makullin komai nasu.

Maersk ma ba rashin sani ne ya kayar da shi ba. A ruwayar Greenberg, tun 2016 wasu jami'an sashen kwamfuta suka nuna cewa akwai tsofaffin na'urori, ba a yin faci a kan kari, kuma gidan a buɗe yake daga wannan kusurwa zuwa waccan babu katanga a tsakani. An amince da shirin gyara, an ware kuɗi. Amma ba a saka shi cikin ma'aunin da ake duba ƙwazon manyan jami'ai a ba su ladan ƙarshen shekara ba, sai ya kwanta. Haka tsaro yake a kowace ma'aikata, babba ko ƙarama. Idan ya yi aiki babu abin da ake gani, wanda ya yi shi kuma ba ya samun yabo, don haka kullum yana ƙasan takardun da ke kan tebur.

A taron Davos na Janairun 2018 shugaban kamfanin, Jim Hagemann Snabe, ya ce cikin kwana 10 sun sake ɗora manyan na'urori 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500, kuma asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Kamfanin magunguna na Merck ya yi asarar kusan dala miliyan 870, FedEx kuma kusan miliyan 400. Fadar White House ta ƙiyasta jimillar ɓarnar a kan dala biliyan 10.

Waɗanda suka dogara da inshora kuma suka tarar da wata sabuwar rigima. Kamfanin Zurich ya ƙi biyan Mondelez, mai yin cakulan Cadbury da biskit ɗin Oreo, yana kafa hujja da sharaɗin da ya ce ba a biyan ɓarnar yaƙi, tunda gwamnatoci da bakinsu sun ce sojojin wata ƙasa ne suka kai harin. Sai a 2022 suka sasanta. Merck ya yi nasara a kan masu inshorarsa a kotunan New Jersey, waɗanda suka ce sharaɗin yaƙi bai haɗa da irin wannan hari ba, aka kuma rufe shari'ar da sulhu a farkon 2024, shekara shida da rabi bayan ranar da allunan suka yi baƙi.