An kashe maciji, saura sare kai

Wata shida Baffana ya yi yana shan maganin tarin tibi, tari bai lafa ba, rama kuma sai ƙaruwa take yi. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka tsakuro nama aka gwada, sai ta bayyana cewa kansar huhu ce a mataki na 3. Ƙarin yana huhun dama, cutar ta kama kaluluwar tsakiyar ƙirji, amma ba ta tsallaka sauran jiki ba.

Mu dai fatanmu a yi tiyata a gobe. Likita ya ce sai an fara da magani ta jijiya, zagaye uku, mako uku tsakanin kowane zagaye, domin ƙarin ya motse, a kuma kashe ƙwayoyin da suka ɓalle waɗanda hoto ba ya gani. Na zargi likitan da jan ƙafa. Ban yi masa adalci ba.

Jarrabawar gaske ta zo daga baya. Tari ya lafa, Baffa ya koma cin tuwo, sabon hoto ya nuna ƙarin ya ragu ƙwarai. Sai ya ce mini, "Ɗana, wanda Allah ya ba sauƙi, me zai kai shi ƙarƙashin wuƙa?"

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri. An kashe maciji ne, ba a sare kansa ba."

Hoto girman ƙari yake nunawa. Ko da sauran rai a cikinsa, sai an ciro naman an duba da madubin likita ake sani. A binciken da ya sa Amurka ta amince da haɗa nivolumab, mai zaburar da garkuwar jiki, da maganin kansa kafin tiyata a 2022, kashi 24 cikin 100 ne kaɗai aka tarar babu ƙwayar cuta mai rai a namansu. Lokaci kuma ƙayyadadde ne: makonni kaɗan bayan zagayen ƙarshe ake so a yi aikin.

Baffa ya yarda. Aka cire ɗaya daga ɓangarori uku na huhun dama, haɗe da kaluluwar. Aka kuwa tarar da ragowar cutar a ciki. Yau yana takawa masallaci a hankali, yana komawa asibiti a duba shi.

Mai jinyar ɗan'uwa, idan sauƙi ya fara samuwa, a gode wa Allah, a kuma ƙarasa abin da aka faro.