Nawa Ne Kuɗin Eriya?



'Yan uwa matasa, na san mafi yawanku a wayar hannu kuke karanta wannan rubutu, kuma ba mamaki a cikinku akwai wanda ya yi shekara guda bai zauna gaban akwatin talabijin ba. Don haka idan na ce yau a kan eriya zan yi magana, wato ƙarafunan nan masu kama da ƙayar kifi da ake ɗaurawa a kan gora a saman gida, wani zai ce ai wannan zancen mutanen da ne. To, mutanen dan suna nan da ransu a gidajenmu, kuma mu ne masu ɗawainiyarsu. Shi ya sa nake roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni.

Gidanmu yana ƙasar Bunkure, cikin yankin da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa. Tun da aka kammala madatsar a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma ja magudanun ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rayuwar mutanenmu ta koma zagaye biyu a shekara: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Wanda bai san wurin ba yakan ɗauka cewa mai noma sau biyu ba ya rasa kuɗi a aljihu. Gaskiyar ita ce kuɗin manomi yana da lokacin zuwa, yana da lokacin ɓacewa, kuma babu lokacin da aljihu ya fi bushewa kamar farkon damina, sa'ad da iri da taki da kuɗin huɗa da na masu dashe duk suke jira a bakin ƙofa. Wani ikon Allah, a daidai wannan lokacin ne iskar da ke gaban hadari take zuwa da ƙarfinta, ta yaye kwano, ta karya rassa, ta kwantar da duk gorar da gara ta riga ta ci gindinta. Tamu ta faɗi a farkon daminar 2024, ana saura 'yan makonni hawan Arfa. Eriyar ta daki katanga, haƙarƙarinta suka lanƙwashe, wayar ta tsinke daga wuya.

Ni da ƙannena babu wanda abin ya taɓa, kowa da wayarsa. Mahaifinmu ne ya yi shiru. Shekaru sun ja, ƙafa ba ta kai shi gona, ido kuma ba ya iya bin ƙananan rubutun waya. Abin da ya rage masa bayan masallaci da zaure shi ne labarun Hausa da yamma, da karatun malamai, musamman tafsirin azumi, da ganin mahajjata idan lokacinsu ya zo. Bai ce a gyara ba. Dattawanmu ba sa roƙon 'ya'yansu abin da suke ganin kamar na shagala ne, alhali sun san ana neman kuɗin taki. Sai da na ce masa, "Baba, in sha Allahu cikin makon nan za a ɗaura wata," sannan ya ce, "A'a, ku fara da gona tukuna." Wanda ya san irin wannan "a'a" ya san ma'anarta.

Na shiga Kano, kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan wuta. Kuɗin eriyar ita kanta bai firgita ni ba. 'Yan kwanukan shinkafa ne. A nan ne mutum yake ruɗuwa, domin farashin da aka faɗa masa a shago shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda abin yake aiki, domin wanda ya fahimce shi ba a cika cutarsa a ciniki ba. Wannan siffa ta ƙayar kifi wasu masana biyu ne na Jami'ar Tohoku a ƙasar Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka fito da ita a shekarar 1926. A cikin duk sandunan nan guda ɗaya ce tak take haɗe da waya, ita ce mai kama saƙo. Ta bayanta, wadda ta ɗan fi ta tsawo, aikinta ta maido da saƙon da ya wuce, gajerun da ke gaba kuma su tattaro shi su miƙo mata. Saboda haka dole bakin eriya ya fuskanci inda tashar take, mu a wajenmu arewa ke nan, wajen birni. Tsawon sandunan ma ba ado ba ne, gwargwadon zangon da tasha ke watsawa ake yanka su. Waɗanda suka girma a Kano za su tuna da NTA a lamba 5, da kuma CTV a lamba 67, tashar jiha da aka kafa zamanin gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi, wadda daga baya aka sa mata sunansa ta zama ARTV. Lamba 5 tana son sanda mai tsawon santimita 80 da ɗoriya, lamba 67 kuwa ba ta buƙatar ko santimita 20. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin eriyoyi suke da dogayen haƙarƙari a baya da gajeru a gaba, kuma ya sa wani gida yake kama tasha ɗaya tas, ɗayar kuma sai yayyafi.

Saƙon talabijin ba ya bin kwana kamar na rediyo mai gajeren zango, kusan a miƙe yake tafiya. Mutumin Fagge ko Gwale yana iya kama tasha da 'yar eriyar da ake ajiyewa a kan tebur. Mu da muke nesa da birni sai mun ɗaga sama, sama da bishiyoyin mangwaro da darbejiya. Ka ga nan lissafi ya fara canzawa. Tsawo yana nufin sanda, kuma wanda ya sake sayen gora ya san ya sayi abincin gara. Bututun ƙarfe ake so, irin na famfo mai kauri, a kai wa mai walda ya haɗa biyu, a haƙa rami a zuba siminti, a ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa uku don kada iska ta yi wasa da shi. Ƙarfen kaɗai ya ninka kuɗin eriyar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin shekarar, har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024, duk abin da yake ƙarfe ne ko tagulla, ko wanda ya hau jirgi kafin ya iso mu, ya tashi bai sauko ba. Kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ma, da na ɗauko bututu mai tsawo a saman mota, ya shiga cikin kuɗin eriya, ko da yake babu mai rubuta shi.

Sai waya. A nan ne na fi daɗewa, domin a nan aka fi cin amanar mai saye. Wayar eriya tana da zare guda a tsakiya da saƙar ƙarfe da ke kewaye da shi. Mai kyau tagulla ce. Mai araha kuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa masa launin tagulla, saƙar kuma 'yan zaruruwa ne da ba su rufe komai ba. Ido ba ya bambancewa, amma maganaɗisu yana bambancewa, domin ba ya kama tagulla. Wani dattijo mai gyara ne ya nuna mini wannan, ya ciro ɗan maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya ce, "Malam, ɗora ka gani." Kowace mita ta waya tana cinye wani abu daga ƙarfin saƙon, kuma marar kyau ta fi ci, balle idan ruwan sama ya shiga ta bakin haɗi ya yi tsatsa. Sai ka ga mutum ya ɗaga eriyarsa har kusa da gajimare, amma abin da ya kama a sama ya zube a hanya kafin ya iso ɗaki. Araha ba ta ado.

An kuma tallata mini busta, wai tana ƙara ƙarfi. Tana ƙarawa, amma duk abin da ta tarar take ƙarawa, da saƙon da hayaniyar, kuma tana son wuta, wadda a wajenmu baƙuwa ce. An nuna mini wata a kwali mai sheƙi, an ce "ta dijital ce", kuɗinta ya ninka. A sani, eriya ba ta san dijital ba, ba ta san tsohon tsari ba. Zango kawai ta sani. Abin da ke fassara saƙon dijital yana cikin talabijin ne, ko cikin ɗan akwatin da ake haɗa masa.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ƙanena ya yi, kuma tambaya ce mai ma'ana: me ya sa za a zuba kuɗi a abin da gwamnati ta ce za ta kashe? Tun a yarjejeniyar Geneva ta 2006 ƙasashen Afirka da Turai suka amince a koma watsa shirye-shirye ta dijital kafin 17 ga Yunin 2015. Nijeriya ta sa wa kanta wa'adi a 2012, ya wuce. Na 2015 ya wuce. Na 2017 ma haka. An fara gwaji a Jos a watan Afrilun 2016, aka bi da Abuja da Kaduna da wasu biranen, aka ƙaddamar da na Kano a watan Nuwamban 2021, da sunan FreeTV. Ƙaddamarwa a birni daban, isowar saƙo ƙauye daban. Tsohon tsari yana da wani hali na mutunci: idan saƙo ya yi rauni hoto yakan yi yayyafi, amma kana jin murya, kana gane fuska. Dijital ba ya sassauci, ko dai ya zo tas ko kuma allo ya tsaya cak. Mutumin da ke gefen iyakar saƙo, irinmu, shi ne wanda wannan bambanci ya fi shafa. Amma ko ta dijital ɗin ce, matuƙar daga hasumiyar ƙasa saƙon yake tasowa, eriya a sama da waya mai kyau ake buƙata. Don haka ƙarfen da wayar ba asara ba ne.

Akwai hanyar dikoda mai biyan wata-wata. StarTimes ta shigo Nijeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo baya a 2011, kuma kuɗin shiga yakan yi sauƙi ƙwarai, don sun san inda za su fanshe. Ba na ganin laifinsu, kasuwanci suke yi. Amma biyan wata tsarin mai albashi ne. Manomi ba ya karɓar kuɗi sau goma sha biyu a shekara, sau biyu yake karɓa, idan Allah ya tsare. Waɗanda suka ga abin da tsutsar nan ta yi wa tumatir a 2016, lokacin da gonakin Kadawa suka ƙone kamar an sa musu wuta, sun san cewa ko sau biyun ma ba alkawari ba ne. Ban so in ɗora wa gidanmu wani baki mai cin abinci kowane wata, wanda ranar da aka gaza ciyar da shi tsoho ne zai zauna gaban allo mai rubutun da ba ya iya karantawa. Ga kuma tashoshi masu yawa waɗanda babu wanda ya nema, a gidan da yara suka fi manya iya riƙe rimot. Wannan ma kuɗi ne, ko da ba a ƙirga shi da Naira.

Dish da risiba na kyauta su ne suka fi jan hankalina. Sau ɗaya ake saye, a samu Arewa24, wadda ta fara a 2014, da tashoshin wa'azi na Hausa, da ta Saudiyya mai nuna Ka'aba dare da rana. Nisa daga birni kuma ba ya damun tauraron ɗan Adam. Sai dai kuɗinsu da na mai saitawa ya kai na takin da gona ke jira a wannan makon, kuma hadari yana ɗauke hotonsu. Da na tambayi Baba abin da ya fi so ya gani, amsarsa gajera ce: labarun jiha, da malaman da ya saba ji. Yana son ya san an naɗa wane, wane ya rasu, an saki ruwa ko ba a saki ba, nawa ake sayar da buhu a Dawanau.

Wani abokina ya ce duk wannan wahala ce, a saya wa tsoho waya mai babban allo a huta. Na ce masa ya lissafa abin da yake kashewa a data cikin wata biyu. Da ya lissafa, sai ga shi ya haura kuɗin eriya da waya da ƙarfe gaba ɗaya. Mu ba ma jin zafin namu ne saboda kaɗan-kaɗan yake fita, ɗari biyar yau, dubu gobe. Nasu kuwa dunƙule yake zuwa sau ɗaya a shekaru, sai ya yi mana kama da israfi. Ban da haka, waya ta mutum ɗaya ce. Talabijin ɗin Baba kuwa idan an kunna, iyayenmu mata suna ji daga tsakar gida, maƙwabcinsa dattijo yana shigowa da buzunsa, a yi gardama a kan abin da malam ya faɗa har a kira isha.

Mu huɗu muka raba kuɗin. Na ɗauki eriya da waya, ɗaya ya ɗauki ƙarfe da walda, ɗaya siminti da kuɗin mota, ƙanwarmu da ke aure a Kura ta aiko da ladan mai ɗaurawa, ta ce kada a faɗa wa Baba. An rage buhun taki ɗaya zuwa rabi, aka cike bayan mako uku. Ranar ɗaurawa yaro ɗaya yana sama yana juya bututu, ɗaya a taga yana miƙa magana, ana "dawo kaɗan", "ya wuce", "tsaya nan", har hoton ya zauna. Mai gyaran ya naɗe bakin haɗin da tef don ruwa, ya ja wata waya mai kauri daga gindin bututun ya binne ta da guntun rodi a ƙasa, sannan ya ce wa Baba, "Alhaji, duk da haka, idan hadari ya haɗo a zare wayar daga bayan talabijin. Ƙarfe a sama abokin tsawa ne." Yanzu wannan aikin jikokinsa ne, kuma suna rige-rigen yi.

Maganar dish tana nan, mun ajiye ta sai wata kakar da shinkafa ta yi kyau. Ɗan akwatin dijital kuma za mu saya a ranar da allon ya nuna mana cewa lokacinsa ya yi.