Zuwa ga Uwata, da ta fita takaba



Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, kuma ba a wannan takarda zan fara ba. Na zaɓi in rubuto miki a inda kowa zai gani ne saboda kawunnanki sun yi maganar tafiyarki a gaban mutane, to bari ni ma tawa amsar ta fito fili.

Kin cika wata huɗu da kwana goma a ɗaki. Ranar da kika yi wankan fita, kika ce mini kina so ki je Birnin Kudu da Gwaram ke kaɗai, ba yara, ba ɗan rakiya. Na yi shiru a lokacin, domin tsoro ne ya fara zuwa mini. Yanzu na amince, ki je. Allah ya tsare hanya.

Maganar muharrami ba abin wasa ba ce, ban kuma ɗauke ta da wasa ba. Na tambayi malaminmu, ya ce malamai sun yi saɓani, akwai waɗanda suka yi sauƙi idan hanya lafiya take kuma ana cikin amintattun matafiya. Tafiyar ba ta kai yini ba. Ki bi motar safe ta titin Maiduguri, ki wuce Wudil da Kwanar Huguma, kafin azahar kina gidan Gwaggo. Su 'yan taru na zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, daga ƙauyuka suke takowa a ƙasa, tsofaffi da 'yan mata, don neman ilimi, ba wanda ya kira su marasa kamun kai.

Abin da nake so ki gani shi ne duwatsun Birnin Kudu. Mu da aka haifa a can kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, wurin wasanmu ne, ba mu san darajarsu ba. Ki nemi ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi su kai ki Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A jikin kogon akwai zanen shanu da jar ƙasa. Ki tsaya ki dube su da kyau: ba su da tozo irin na shanun Fulaninmu na yau, wasu dogayen ƙaho, wasu gajeru. Tun shekarun 1950 wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu, duniya ta san da su, mu kuwa muna wucewa da ƙwaryar tallanmu. Akwai kuma duwatsun da idan kika ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge, har inda ake bugun ya lotsa saboda yawan hannayen da suka riga naki. Kakarki ta ba ni labarin cewa a da amarya kan je Dutsen Murufu da ƙawayenta kafin a kai ta ɗaki, ta yini a can ana kaɗa mata dutse. Tun da kika yi maganar tafiyar nan nake tuna wannan. Matan garinmu sun daɗe suna zuwa gindin dutsen nan idan rayuwa za ta juya musu. Ki zauna a inuwarsa, ki yi kukan da kika riƙa haɗiyewa saboda 'yan gaisuwa, ba mai ce miki ki yi haƙuri.

Gwaram kuwa ba zane zan tura ki kallo ba, mutane ne. Yanzu kaka ce, an yanke gero, riɗi yana jingine a gonaki yana bushewa. Ki tambayi ranar kasuwar Sara ki je. Ki sayi nono wurin 'yar Fulani, ki zauna ta dama miki fura a nan, kada ki ce a ƙulla miki a leda. In an kai ki gidan masu daddawa ko ƙuli-ƙuli, ki tuɓe takalmi ki kama musu aiki. Ba su san mijinki ba, ba za su dube ki da idon tausayi ba, kuma na lura wannan kallon ne ya fi gajiyar da ke a gidan nan.

Sharuɗɗana kaɗan ne. Kada magariba ta same ki a hanya. Ki sauka a gida, ki gaida manyan unguwa, kada ki ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Ki kira ni sau ɗaya bayan isha'i, sauran lokacin ki ajiye wayar.

Lokacin da mahaifinki ya rasu na so in yi irin wannan tafiya, aka ce me mutane za su ce, na haƙura, na shekara biyu ina jin kamar an ɗora mini turmi a ƙirji. Yaran suna wurina, kada ki sa su a ranki. In za ki dawo ki taho mini da daddawar Gwaram da garin kuka, ki kuma faɗa mini ko tsamiyar ƙofar gidan Gwaggo tana nan.

Taki,
Umma