Zare: Wata bakwai ina neman gammon kakana

1/ Jama'a, tun da na sa hoton 'yar jif ɗin nan jiya ake ta tambayata: a ina na saya, nawa ce, kuma me ya sa babu mutum ko ɗaya a kusa da ita. To bari in ba ku labarin gaba ɗaya. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Da farko dai ba a haɗe ake sayenta ba. Kwali ne ake sayowa, ana ce masa kit. A ciki akwai gutsattsarin roba birjik, manne a jikin firam. Kai za ka yanko su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka manna da gam, ka yi fenti, har ta fito kamar ta gaske.

3/ Kowane kit da ma'auninsa. Tawa 1/35 ce, wato an rage ainihin motar sau 35. Jif ɗin Willys ta Yaƙin Duniya na Biyu ta ɗan haura mita 3 a tsawo, tawa kuwa ba ta cika santimita 10 ba. Mutum a wannan ma'aunin santimita 5 ne. Masu haɗa jiragen sama sun fi yin 1/72 ko 1/48.

4/ Na faɗa harkar ne lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022. Wata takwas muna gida, ba karatu ba sana'a. Ina ta kallon YouTube sai na ci karo da wani dattijo Bajapane yana yi wa tankar yaƙi tsatsa da ɗan buroshi. Ban ankara ba sai da aka kira sallar asuba.

5/ Na shiga duba abin da kamfanoni ke yi: Tamiya ta Japan, Airfix ta Ingila, Revell, Italeri. Akwai shafin Scalemates da ke jera kusan duk kit ɗin da aka taɓa fitarwa. Tankar Tiger ta Jamus kala-kala, Sherman ta Amurka, T-34 ta Rasha. Sojan Jamus kuwa har wanda yake zaune yana cin abinci za ka samu.

6/ Sai na tuna ai mu ma muna da namu a yaƙin nan. Kakana na wajen uba, wanda aka sa min sunansa, ya je yaƙin Bama. Ba Baman Barno ba, Burma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Ya rasu ina goye, Allah Ya jiƙansa. Abin da na sani a kansa bai wuce “tsohon soja ne” ba.

7/ Nan na ƙudurta zan haɗa shi. Ɗan fili kamar faɗin littafi, jif a gefe, shi kuma yana tsaye da bindiga yana hararar daji. A kaina har na gama ganin hoton. Ashe ban san komai ba.

8/ Matsala ta farko, samun kit ɗin. Na zaga shagunan kayan wasan yara a Zariya da Kaduna, har Kano na je. Duk wanda na nuna wa hoto sai ya ɗauko min mota mai rimot. Wani mai shago ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Malam, kai za ka yi wasan ko ɗanka?”

9/ Dole sai intanet. eBay da AliExpress akwai kaya, amma katin bankina ya ƙi biyan kuɗin waje, kuma kuɗin aike ya fi kuɗin kit ɗin kansa. A ƙarshe wani ɗan ajinmu ya haɗa ni da yayansa da ke karatu a Malesiya, ya saya min jif ɗin Tamiya ya ba wani mai dawowa gida.

10/ Kuɗin daga na abincina na zangon karatu na cire, gaskiya ɗaya ce. Na yi sati uku garin kwaki da ƙuli ne rana da dare. Da kwalin ya iso gefe guda ya lotse, amma ko ƙusa ba ta ɓata a ciki ba. Na yi ta shinshina robar kamar sabon littafi.

11/ Matsala ta biyu, kayan aiki. Fentin da aka yi domin wannan sana'a yawancinsa mai kama wuta ne, masu aike ba sa yarda su sa shi a jirgi. Na ce ai fenti fenti ne, na je wajen masu fentin mota aka ɗan zuba min kore da tina.

12/ Wallahi ina shafawa bonet ɗin ya fara yamutsewa a gabana kamar ledar da ta ji wuta. Tinar mota tana cinye irin wannan robar. Kwana biyu na yi ina gogewa da samfefa mai laushi kafin ya dawo hayyacinsa. Don Allah duk wanda zai fara, ya gwada fenti a jikin firam tukuna.

13/ Waɗanda suka cece ni 'yan sashen zane-zane ne da masu karatun zanen gine-gine, su da kullum suna cikin yanka kwali. Su suka nuna min fentin akirilik da ake sirkawa da ruwa. Sauran kayan duk na gida ne: abin yankan farce, reza, matsefatar Mama, tsinken sakace.

14/ In da hunturu za ka yi fenti, ka kifa roba a kai da zarar ka gama, in ba haka ba ƙura ta yi maka nata fentin. In da zafi ne kuma, akirilik a bakin buroshi yake bushewa, sai ka riƙa ɗiga ruwa. Babu bidiyon da ya gaya min wannan, don su can ba su san Zariya a watan Afrilu ba.

15/ Matsala ta uku ita ce babba: bayani. Wane kaya suka sa? Wace hula? Wace alama ce a jikin motarsu? Sitikun da ke cikin kwalin na sojan Amurka ne. In na manna su, na haɗa jif ɗin wani ke nan, ba ta su kakana ba.

16/ Wata rana na hango tsohuwar motar sulke da aka girke don ado a ƙofar wani bariki, na ciro waya zan ɗauki hoton tayoyinta. Ban kai ga dannawa ba aka kira ni. Na yi kusan awa ina bayani, da katin makaranta da hotunan robobina. Sun sake ni, kuma ban ga laifinsu ba a halin da ake ciki. Kada ku gwada.

17/ Na koma inda ya dace. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan ya zuba tsofaffin hotuna a shafinsa, kyauta, har da na sojojin Afirka ta Yamma a Burma. Akwai kuma littafin John Hamilton, War Bush, wanda kacokan a kan Runduna ta 81 aka rubuta shi.

18/ Ga abin da na koya. Runduna biyu Ingila ta kwasa daga nan: ta 81 da ta 82, daga Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. An kafa su a 1943. Hausa ce harshen bariki a wajen da yawansu, har Turawan hafsoshi kan koya. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, su biyun suka haɗu a Myohaung a Janairun 1945.

19/ Sunayen nan fa muna wuce su kullum ba mu sani ba. Barikin Myohaung da na Arakan a Legas, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Chindit a nan Zariya. Duk daga yaƙin Bama aka samo su.

20/ Da hutu na je gida na tasa kakata, Hajiya Inna, a gaba. Ita ce amaryarsa ta ƙarshe, ta haura tamanin yanzu. Ba ta faɗin sunana saboda na mijinta ne, Maigida take ce min. Na ce, “Inna, wace irin bindiga Malam ya riƙe a Bama?” Ta yi dariya har da tari.

21/ Ta ce, “Bindiga? Maigida, wa ya gaya maka? Ai shi kaya ya ɗauka. Adda kawai gare shi. Ba ka ga hotonsa ba, tsakiyar kan nan fes ba gashi? Gammo ne ya cinye. Har ya koma ga Allah wuyansa bai daina ciwo ba in damina ta kama.”

22/ Ba zan ɓoye muku ba, na ji ba daɗi. Ni da nake ta fafa a hostal cewa kakana ya fafata da Japanawa, ashe ɗan dako ne. Na kwana biyu ban ko kalli kwalin ba.

23/ Da na koma karatu sai kunya ta kama ni. Dajin Kaladan duwatsu ne da gora da koguna, mota ba ta shiga. Rundunar ta dogara ne da dubban sojoji 'yan dako. Harsashi, magani, rediyo, har igwa ake warwarewa gunduwa-gunduwa su ɗora a ka. In sun tsaya, yaƙin ya tsaya.

24/ Abinci kuma ta sama jiragen Dakota ke jefo musu da laima. Da na gaya wa Inna haka sai ta yi shiru, can ta ce, “Shi ya sa.” Wai duk lokacin da jirgi ya wuce ta saman gida sai ya ɗaga kai ya ce ga tuwo nan tafe. Shekara da shekaru ta ɗauka barkwanci ne kawai irin nasa.

25/ Ta sa aka jawo adakarsa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar Tauraron Burma, ta tagulla mai tsini shida, da wani ɗan ƙyalle da asu ya fara ci: baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Alamar Runduna ta 81 ke nan. Anansi ne na tatsuniyoyin Ashanti, wanda mu muke ce wa Gizo.

26/ Alamar ta 82 kuwa, ku ji da kyau: māsu biyu a gicciye a kan gammo. Gammo dai da kuka sani. Runduna guda ta ɗora shi a kafaɗar rigarta, ni kuma ina nan ina jin kunyarsa.

27/ Sai na sake tsari. Na nemi kit na sojan Afirka ɗan dako a 1/35, na duba iya dubawata ban samu ba. Na yi tunanin sayen sojan Ingila in sāke masa fuska da hannuwa. Da Baba ya ji sai ya ce, “Mota da kaya ba ni da magana. Amma ba za a ajiye min mutum-mutumi a gida ba, balle a ce mahaifina ne.”

28/ Ban ja da shi ba. Da na zauna na yi tunani ma, fuskar wani Bature zan kankare in ce kakana ce. Sai na zaɓi wuri guda: ƙarshen hanyar jif da rundunar ta sara da hannu a cikin daji, inda mota ke sauke kaya, kai ya karɓa.

29/ Ƙasar wurin jar ƙasa ce na tankaɗe na kwaɓa da farin gam na kafintoci. Gora, tsinken tsintsiya. Akwatunan harsashi, sandar askirim. Tamfol, tishu da na jiƙa da ruwan gam. Addar daga gwangwanin maltina na yanko ta. Gizon jikin jif ɗin da bakin allura na zana, sau biyar ina gogewa.

30/ Gammon ne ya ba ni wuya, abin da bai fi milimita 6 ba. Na farko da zare na naɗa. Inna ta sa tabarau ta ce, “Wannan ai na 'yan tallan goro ne.” Ta cire ɗankwalinta ta murɗa shi tam, ta naɗe, ta cusa bakin a ciki, yadda ya riƙa yi wa yara in za su ɗebo ruwa. Na ɗauke ta bidiyo.

31/ Na uku ne ta karɓa. Ta daɗe tana juya katakon a hannunta, sannan ta ce, “To shi yana ina?” Na ce ya je alwala, Inna. Ta ce, “Haka yake kuwa, ba ya wasa da ita.” Ta ɗora a kan adakar, ta ce nan zai zauna. Hoton da kuka gani a ɗakinta na ɗauka.

32/ Abin da ya sa na yi dogon zaren nan: kit ko yaushe ka tara kuɗi za ka samu, kamfani na nan yana bugawa. Inna kuwa bana ta fara rikita sunayen jikokinta. Da na ƙara shekara biyu ban tambaya ba, da soja mai bindiga zan haɗa, in yi ta nuna wa mutane ƙarya da zuciya ɗaya.

33/ In akwai wanda kakansa ya je Bama, ko Habasha, ko Kwango a shekarun 1960, don Allah ku buɗe adakar nan. Ku ɗauki hoton lamba, baje, takardar sallama, gaba da baya. Ku kunna rikoda ku tambayi tsofaffi. Wanda nasa bai dawo ba, ya duba sunan a shafin Commonwealth War Graves Commission, da yawa na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon.

34/ Yanzu jirgin Dakota nake tara wa kuɗi, 1/72. Mai hoton yadda ake ɗaure buhunan da ake jefowa, ko wanda zai dawo daga waje da ɗan wuri a jakarsa, ya yi min magana ta akwatin saƙo.  Ku sa Malam da abokan tafiyarsa a addu'a.